Yadda Ake Gyara Zamiyar Yaro Mai Wasan Hoki a Kan Ƙanƙara

Da ƙarfe shida da rabi na safiyar Asabar, gari bai ko waye ba, za ka tarar da iyaye sun jeru a bayan gilashin filin ƙanƙara na unguwarmu a Edmonton ta Kanada, kowa riƙe da kofin shayi, kuma idon kowa na kan abu guda: ɗan baƙin faifan robar nan da yara ke kora da sanda. Wa ya taɓa shi, wa ya ƙwace, wa ya jefa a raga. Ni ma haka na yi hunturu biyu ina kallon ɗana, sai da wani dattijon koci ya ja ni gefe ya ce in bar kallon sandar, in riƙa kallon ƙafafunsa. Ranar na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Yaron yana gudu ne a miƙe ƙyam, gwiwa ba lanƙwasa, idon sawunsa ya karkato ciki, kuma duk inda zai juya hagu yake bi.

Yaron da bai iya zamiya ba, ko da hannunsa ya fi na kowa iya sarrafa sanda, ba zai kai ga faifan ba balle ya nuna gwaninta. Abin da na tattara a nan na iyaye ne irina, waɗanda ba su tashi da ƙanƙara ba amma Allah ya kawo su Kanada ko arewacin Amurka ko ƙasashen arewacin Turai, 'ya'yansu kuma suka kamu da son wasan. Zai yi wa yaro ko yarinya amfani daga shekara shida zuwa sha huɗu.

Mataki na farko: takalmi

Kafin a zargi yaro, a duba takalminsa. Mu da muka saba sayen takalmin sallah da ɗan girma don ya kai baɗi, dole mu ajiye wannan al'adar a nan. Takalmin ƙanƙara yakan zama ƙasa da na tafiya da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Ciro shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa, yaron ya taka ta. In sararin da ya rage a gaban yatsunsa ya wuce faɗin yatsan hannu ɗaya, takalmin ya yi masa yawa. In ya sa shi ya miƙe tsaye, yatsunsa su ɗan shafi gaban takalmin, in ya durƙusa su janye kaɗan. Diddige kuwa kada ya motsa ko kaɗan. Safa siririya guda ɗaya ta isa, ba a ninka safa don cike gurbi.

Ɗaurin igiya ma yana da ƙa'ida. Wajen yatsu a ɗaure daidai wa daida, tsakiyar ƙafa zuwa inda ta lanƙwashe a ja sosai, ramukan sama kuma a ɗan sassauta don gwiwa ta samu hanyar tafiya gaba. Kada a naɗe ragowar igiya a idon sawu. Iyaye da yawa suna yin haka da niyyar tallafa wa yaro, alhali sun ɗaure gaɓar da ya fi buƙata ta motsa.

Sai ƙarfen da ke ƙasa. Kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, amma ba kaifi ɗaya gare shi ba kamar wuƙa. Injin wasawa yana rarake tsakiyarsa ya bar ɗan kwari, sai a sami kaifi biyu, na ciki da na waje. Ƙafa biyu, kaifi huɗu ke nan, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kan waɗannan huɗun yake tafiya. Wasawar da aka fi yi ita ce ta rabin inci, wanda ma'aunin lanƙwasar kwarin ne, ba zurfinsa ba. In aka zurfafa kwarin, ƙarfen zai fi kama ƙanƙara amma ya rage sulɓi, in aka rage zurfin sai a sami akasin haka. Ga yaro, rabin inci ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kaifin biyu su zo daidai. Kifa takalmin, ka ɗora kwabo a kwance a kan ƙarfen. In kwabon ya karkata, wasawar ba ta yi ba, ka mayar a gyara. Mun taɓa shafe mako uku yaron nan yana faɗuwa duk sanda ya juya dama, ina ta yi masa faɗa, ashe wani shago ne ya cinye kaifi ɗaya a wasawa. Tun daga ranar ba na barin shago sai na gwada da kwabo.

Bayan kowane wasa a goge ƙarfen da tsumma ya bushe, don tsatsa ba ta jira. Kuma kada yaro ya taka ƙanƙara ba hular kwano mai ragar fuska da makarin wuya. Rasuwar Adam Johnson a Ingila a watan Oktoban 2023, bayan ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya ana tsakiyar wasa, ta isa ta sa kowane uba ya duba wuyan ɗansa kafin ya buɗe masa ƙofar fili.

Mataki na biyu: tsayuwa

Faɗuwa da tashi ake fara koya. Yaro ya durƙusa a kan gwiwa biyu, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa gwiwar da hannu, ya miƙe. A maimaita har tsoron faɗuwa ya fita daga ransa, domin mai tsoron faɗuwa ba zai yarda ya karkata jikinsa ba.

Tsayuwar kanta kuwa, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe har ta rufe yatsun ƙafa in ya leƙa ƙasa, ƙirji a ɗage, ido na kallon gaba. Kuskuren da kusan kowane yaro ke yi shi ne in ka ce ya yi ƙasa, sai ya sunkuya daga ƙugu, ƙafafu a miƙe, kai a gaba. Wannan ruku'u ne, ba durƙuso ba. Abin da ake so ya fi kama da mutumin da zai zauna a kan kujera 'yar tsugunno aka dakatar da shi a rabin hanya. A nan yaranmu da suka saba tsugunno irin na gida, diddige a ƙasa, kamar mai alwala da buta, suna da wata fa'ida, don idon sawunsu ya saba lanƙwasa. In ɗanka ya tashi a kan kujera da gado mai laushi har bai iya wannan tsugunnon ba, ku riƙa yinsa tare a falo minti ɗaya ko biyu kullum.

Gwajin da nake so shi ne wannan: ya ɗauko ɗan gudu daga layin raga, in ya kai shuɗin layi na farko (guda biyu ne suka ratsa faɗin filin) sai ya haɗa ƙafa biyu ya zauna a wannan tsayuwar, ya sulale har shuɗin layi na biyu ba tare da ya ɗago ba. Cinyarsa za ta yi zafi. Ka gaya masa wannan zafin shi ake nema.

Mataki na uku: ƙafa ɗaya da kaifi huɗu

Nan ne zan daɗe, don nan ne gindin maganar. In ka kalli ƙwararren ɗan wasa da kyau, za ka ga kusan duk lokacin da yake tafiya nauyinsa a kan ƙafa ɗaya yake. Saboda haka yaron da ba zai iya sulalewa a kan ƙafa ɗaya ba, dole ya riƙa gajeren taki yana saurin sauke ɗayar don kada ya faɗi. Duk ihun "yi sauri" da za ka yi daga bayan gilashi ba zai gyara wannan ba.

A fara da miƙaƙƙen layi. Ya tunkuɗa sau uku, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya sulale a kan ɗayar, gwiwa a lanƙwashe, hanci da gwiwa da yatsan ƙafa a kan layi guda. Ku ƙirga tare. Ranar farko wataƙila ya kai uku. Burin shi ne ya ratsa daga shuɗin layi zuwa shuɗin layi a kan kowace ƙafa. Za ka tarar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba. Mai raunin ita za a ba kashi biyu na aikin.

In wannan ya zauna, sai kaifin ciki. A kan jan layin tsakiya ko shuɗin layi, ya riƙa zana rabin da'ira da ƙafa ɗaya, ya dawo kan layin, ya sauya ƙafa ya zana wani rabin a ɗaya gefen. Kaifin ciki ba ya wahalar da yara, don in sun karkata, ɗaya ƙafar na nan a gefen da za su faɗa, tana jiran ta tare su.

Kaifin waje shi ne ke raba yara gida biyu. A nan yaro zai karkata zuwa gefen da babu ƙafar da za ta tare shi, jikinsa kuma zai ƙi. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce a yi amfani da da'irorin da aka riga aka zana a fili. Ya bi da'irar ta hagu, ƙafar hagu a kan zanen, ta dama tana tunkuɗawa kamar mai tura keken yara. Bayan tunkuɗa uku ya ɗage ta dama, ya bar ta hagu ta ɗauke shi. Ka tsaya a cikin da'irar ka miƙa masa ƙarshen sanda ya riƙe da farko, daga baya ka janye. Ce masa ya ji nauyinsa a kan ƙaramin yatsan ƙafa. Idon sawu shi zai fara karkata, sai gwiwa, sai ƙugu, amma kafaɗu su tsaya a daidaice. In ya saki kafaɗar ciki ta faɗa, ƙarfen zai zame daga ƙarƙashinsa.

Kunne ma yana koyarwa. Ƙarfen da ke tafiya a kwance shiru yake, amma wanda ya ciji ƙanƙara yana wani ƙara, ƙurrr, kamar ana yaga sabon yadi. Ranar da ɗana ya fara fitar da wannan ƙarar da kaifin waje na ƙafar dama, tsayawa ya yi cak ya waiwayo yana nemana a bayan gilashi, ya ɗaga sanda sama. Wata biyu muka yi muna neman ta.

Ba banza ba manyan ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, suke ɗauko masu koyar da zamiya daga cikin 'yan rawar ƙanƙara, waɗanda rayuwarsu duka a kan kaifi take. Laura Stamm ta fara aiki da Bob Nystrom na ƙungiyar New York Islanders a 1973, lokacin da ake ganin zamiyarsa ce za ta hana shi zama a gasar, kuma shi ne ya ci ƙwallon da ta ba ƙungiyar kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, na farko a 1980. Barb Underhill, wadda ta ci gasar duniya ta rawar ƙanƙara ta mutum biyu tare da Paul Martini a 1984, ta yi shekaru tana gyara ƙafafun 'yan wasan Toronto Maple Leafs. A 2016 kuma Arizona Coyotes ta ɗauki Dawn Braid aiki na dindindin don wannan fanni. In ƙarti masu albashin miliyoyi suna komawa su zana rabin da'ira a hankali, ɗan shekara tara ba shi da dalilin jin kunya.

Mataki na huɗu: taki

Yanzu ne za a zo ga gudu. Ƙarfen takalmi ba ya tunkuɗa baya kai tsaye yadda mai gudu a ƙasa ke yi, don zamewa zai yi. Gefe ake tunkuɗawa, da ɗan karkata zuwa baya. Taki ɗaya yana da gaɓa huɗu. Ƙafar da za ta tunkuɗa ta fara daga ƙarƙashin jiki, nauyi duka a kanta. Ta tura gefe da kaifin ciki har ƙugu da gwiwa da idon sawu su miƙe sarai. Gaban ƙarfen, wajen babban yatsa, shi zai bar ƙanƙara a ƙarshe da ɗan fizga. Sannan ta dawo ƙasa-ƙasa, kusan tana shafar ƙanƙara, har ƙarƙashin jiki. Duk wannan lokacin ɗaya gwiwar tana lanƙwashe, kusan kusurwar digiri 90 ga wanda ya ƙware.

Dalilin nacewa a kan gwiwa a bayyane yake. Tsaya a falo a miƙe ka miƙa ƙafa ɗaya gefe, ka ga inda ta kai. Yanzu durƙusa ka sake miƙawa. Tazarar da ta ƙaru ita ce tsawon takin da yaro ke asara duk sanda ya ɗago.

A koya shi a hankali, a hankali ƙwarai. Tunkuɗa, riƙe ƙafar a miƙe a ƙirga biyu, dawo da ita har diddige ya kusa taɓa diddige, sannan ɗayar. Wani atisayen kuma, ya riƙa jan yatsan ƙafar a kan ƙanƙara yayin dawowa, don ya bar ɗabi'ar shuri sama da diddige. In an samu sabuwar ƙanƙara bayan motar share fili ta wuce, ku koma ku duba sawunsa. Na mai kyau dogaye ne, suna fita gefe-gefe kamar ƙayar kifi, kuma na hagu da na dama tsawonsu ɗaya. Na mai gyara gajeru ne, kuma tsakaninsu a buɗe kamar layin dogo, alamar ƙafa ba ta dawowa gida.

Hannuwa gaba da baya suke tafiya tare da ƙafa, ba su ratsa ƙirji hagu da dama. Kai kuma kada ya riƙa sama da ƙasa. In ka hango hular kwanonsa ta saman katangar fili tana tafiya a layi ɗaya, aiki ya yi kyau.

Mataki na biyar: birki

Yaro ba zai saki jiki ya yi gudu ba sai ya tabbata zai iya tsayawa. Ya dafa katanga, ya riƙa kankare ƙanƙara da ƙafa ɗaya zuwa gefe har ya tara ɗan tulin gari. Wannan ke koya masa yadda ake sassauta kaifi ya goga maimakon ya cije. Daga nan ya yi a cikin tafiya da ƙafa ɗaya a gaba. Cikakken birki kuwa: ya sulale da ƙafa biyu, ya ɗan ɗago don nauyi ya ragu, ya juya ƙugu gaba ɗaya zuwa gefe, ya zauna. Ƙafar gaba da kaifin ciki, ta baya da kaifin waje. Doka ɗaya ce a nan ba sassauci: duk atisayen birki a yi shi yana fuskantar katanga guda, zuwa da dawowa, don dole ya tsaya ta gefen da ba ya so.

Mataki na shida: giciye

Giciye shi ne ɗora ƙafa a kan ƙafa yayin bin kwana, kuma da shi ake ƙara gudu a inda wasu ke raguwa. In yana bin da'ira ta hagu, ƙafar dama tana tunkuɗa waje da kaifin ciki, sannan ta tsallake ta gaban ta hagu. Yawancin yara a nan suke tsayawa, suna ɗaga ƙafa suna saukewa kawai. Rabin ƙarfin yana wurin ƙafar hagu, wadda ya kamata ta tura ta ƙarƙashin jiki da kaifin waje har ta miƙe. Ka ga dalilin da ya sa muka daɗe a mataki na uku.

Don ya ji wannan turawar, ya giciya ya riƙe a haka, ƙafafu a harɗe, ya ƙirga biyu kafin ya warware. Sanda a ƙanƙara tana nuna cikin da'ira, ƙirji na kallon tsakiya. A wuraren zamiyar jama'a yawanci hagu ake zagayawa, shi ya sa kusan kowane yaro ya fi iya wannan gefen. Ku riƙa farawa da dama tun ƙafa ba ta gaji ba.

Mu a Edmonton muna da abin misali a gabanmu. Connor McDavid, ɗan wasan ƙungiyar garinmu Edmonton Oilers, ya ci gasar wanda ya fi kowa gudu a bikin taurarin NHL sau uku a jere daga 2017 zuwa 2019. Ka sa bidiyonsa a waya ka rage saurin, ku kalla da yaron. Ko a miƙaƙƙiyar hanya ba ya yawan yin taki biyu ko uku bai giciya ba, yana ƙara gudu yana kuma sauya hanya a lokaci guda, mai tsaron baya ya rasa ta ina zai tare shi.

Mataki na bakwai: tafiya da baya da juyi

Kada a ce wannan na masu tsaron baya ne kaɗai. Yaron da ke gaba yau, baɗi koci na iya mayar da shi baya. Zama zai yi sosai, baya a miƙe, sanda a hannu ɗaya. Ya juya diddigen ƙafa ɗaya waje, ya tura da gaban ƙarfen, ya zana baka kamar jinjirin wata, ya dawo da ƙafar kusa da 'yar'uwarta. A fara da ƙafa ɗaya tsawon fili, a dawo da ɗayar, kafin a haɗa. In ka ga ƙugu na kaɗawa hagu da dama, ba turawa yake ba, lilo yake.

Juyi daga baya zuwa gaba yana buƙatar buɗe ƙugu: nauyi a kan ƙafa ɗaya, ɗayar ta buɗe diddige na kallon diddige, a taka ta, a tafi. Sidney Crosby, tauraron NHL, ya shahara da sulalewa a wannan buɗaɗɗiyar tsayuwar a bayan raga, jikinsa na kare faifan, idonsa na kan fili. A koya ta ɓangare biyu, amma kada a tilasta wa ƙugun da bai buɗe ba. In yaro ya ce yana jin tsunkuli a matsematsinsa, a dakata.

Tashi daga tsaye ba shi da dogon bayani. Diddige kusa da juna, yatsu a waje, jiki ya zube gaba, taki uku ko huɗu na farko gajeru masu sauri a kan gaban ƙarfe, sannan a tsawaita.

Mataki na takwas: a mayar da shi cikin wasa

Duk abin da aka koya, a bi shi hawa-hawa: a hankali ba faifai, da sauri ba faifai, a hankali da faifai, da sauri da faifai, sannan da wani yana matsa masa. Da zarar ka ga tsayuwar ta lalace, a koma hawa ɗaya baya. Atisayen gudu kuma gajere ake yi, daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta sosai. Ko a NHL ɗan wasa bai cika wuce daƙiƙa 45 a fili ba kafin a canza shi. Zagayen fili sau goma a jere ba abin da yake koya wa yaro sai gudu a miƙe da gajiyayyar ƙafa.

Wasu iyaye suna ƙorafi da hukumar hoki ta Kanada ta mayar da wasan 'yan ƙasa da shekara tara zuwa rabin fili. Ni ina ganin alheri ne. Filin manya ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, kuma a cikinsa yaro ɗaya mai sauri yakan kwashe faifan ya bar sauran suna binsa a miƙe. A ƙaramin wuri kuwa dole kowa ya tsaya, ya juya, ya tashi, sau da yawa a minti ɗaya. Haka ma filayen waje na unguwanni, inda yara ke haɗuwa ba koci ba alƙali. Wasan tsere da kama-kama a can yana gyara ƙafa fiye da yadda ake zato. Wayne Gretzky, gwarzon hokin Kanada, a filin da mahaifinsa Walter ya yi masa a bayan gida a Brantford ya tashi.

Abin da ake yi a gida, da lokacin bazara

Hayar ƙanƙara tana da tsada, amma rabin aikin ba ya buƙatarta. Anatoli Tarasov, wanda ya gina hokin Tarayyar Sobiyet a lokacin da filayen ƙanƙara na cikin ɗaki ba su da yawa a ƙasar, da atisayen tudu ya cike giɓin: tsalle-tsalle, alkafura, ɗaukar juna. Minti goma sha biyar sau uku a mako ya isa. Tsayuwa a ƙafa ɗaya yana goge baki. Durƙuso da ƙafa ɗaya har ya taɓa kujera ya tashi. Tsalle gefe zuwa gefe, ya sauka a ƙafa ɗaya ya riƙe, wanda masu horarwa ke kira da sunan Eric Heiden, ɗan tseren ƙanƙarar Amurka da ya ci zinare biyar a Lake Placid a 1980. Ni kuma na ƙara musu langa. Na koya wa ɗana da abokansa biyu a bayan gida, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle yana neman ture ɗan'uwansa, kuma ban ga atisayen da ya fi shi kama da abin da ke faruwa a jikin katanga ba in ana ƙwace faifai.

In bazara ta zo a rataye takalmin na wasu makonni. Gretzky kansa, yana yaro, wasu wasannin yake yi da rani. Ƙwallon ƙafa, ninkaya, keke, duk suna gina abin da ƙanƙara za ta ci moriyarsa. Takalmin taya ma yana taimakawa, McDavid ya sha yin atisaye da shi a ƙofar gidansu a Newmarket yana yaro, sai dai birkinsa daban yake da na ƙanƙara.

Akwai lokacin da ya kamata iyaye su shirya masa. Wajen shekara 11 zuwa 12 ga mata, 13 zuwa 14 ga maza, yaro kan yi tsawo farat ɗaya. Ƙashi ya riga tsoka, sai ka ga wanda bara yake sulalewa kamar ruwa bana yana harɗewa. Ba lalaci ba ne. A koma mataki na biyu da na uku, a yawaita miƙa jiki, a sake gwada takalmi don ƙafa ma ta ƙaru. In yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige ko a matsematsi har ya wuce 'yan kwanaki, a kai shi likita, kada a ce ya daure.

Wanda kuma ɗansa ya iso ƙasar da ɗan girma, kada ya ce lokaci ya wuce. Akim Aliu a Okene ta Najeriya aka haife shi a 1989, ya yi ƙuruciyarsa a Kiyef ta Ukraine, ya zo Toronto ya fara zamiya bayan tsararrakinsa sun yi nisa, kuma ya kai ga buga wa Calgary Flames wasa a NHL. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a nan Edmonton aka haife shi, ya ci ƙwallo 625 a gasar.

Yadda za ka sa ido ba tare da ka zame masa kaya ba

Ɗauki bidiyo sau ɗaya a wata, daga gefe da kuma daga gaba, a wuri guda, atisaye guda. Ku kalla tare a gida bayan an ci abinci, ba a mota ba yana jiƙe da gumi. Tambaye shi me ya gani kafin ka ce komai. Gyara ɗaya tak za a ɗauka a yi mako biyu ko uku a kansa, da kalma gajera da zai riƙe, kamar "zauna" ko "dawo da ita gida".

In za ka biya kuɗin mai koyar da zamiya, je ka kalli darasinsa tukuna. Duba ko yara sun fi yawan lokaci suna motsi ko suna tsaye a layi, ko yana gyara wa kowane yaro da sunansa, ko yana sa su yin abu a hankali kafin da sauri, ko kuma yana ba ɓangaren hagu da na dama haƙƙinsu daidai. In ka tarar da yara talatin da malami ɗaya da usur, ana ta zagaye, riƙe kuɗinka ka kai yaron filin unguwa da yamma, ku ɗauki da'ira ɗaya a kusurwa, minti ashirin, ku fara da ƙafar da ba ya so.